Wayar Anti Hadari

Ranar ƙarshe da gidan ya tashi yadda ya saba, Laraba ce, a farkon damina. Babu abin da ya faru a cikinta. Mahaifin Tsigi, wanda ya yi aikin safiyo har ya yi ritaya, ya sha bin ranar nan daga farko zuwa ƙarshe, yadda yake bin iyakar fili da tef, ko zai ga inda aka kauce. Bai taɓa gani ba. Abin da ya samu a cikinta kawai shi ne dalilin da ya sa ya riƙe wayar 'yarsa bayan rasuwarta, yana amsa wa mutane a matsayinta, ya kasa gaya musu cewa ba ta nan.

Da sassafe ita ta riga kowa shiga banɗaki, ta kuma daɗe kamar kullum. Ya tsaya a bakin ƙofa da buroshi a hannu.

"Tsigi, haya kika kama a ciki?"

"Baba, mai ritaya ina zai je da yake sauri?"

An sa mata Tsigi ne tun tana jaririya, don an haife ta 'yar mitsitsiya, ga kuka kamar ƙaramin tsuntsu. Ta girma ta fi uwarta tsawo, ta gama jami'a, ta kama aiki, sunan bai sake ta ba. Ta sha shayi a tsaye. Uwarta ta ce ta zauna ta ci abinci kamar mutanen kirki, ta ce ai a ofis ma zaman za ta yi har yamma. Ta fita, ta dawo ta ɗauki cajar waya, ta sake fita.

Da hantsi tana kan kujerarta a ma'aikatar hasashen yanayi. Ya san ɗakin, don ta taɓa kai shi sau ɗaya. A bene na biyu yake, labule a rufe ko da rana, sanyin na'ura har cikin ƙashi, tebura a jere, kowane da allon kwamfuta biyu. A saman ginin akwai wani babban farin faranti da ya kalli sama a karkace. Abin da ya fara tambaya ke nan ranar da ya je.

"Wannan farantin ba ya juyawa?"

"Me zai juya ya nema? Abin da yake kallo ba ya motsi."

Ta bayyana masa cewa tauraron ɗan'adam ɗin da ke aiko musu da hotuna yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita dubu talatin da shida. A wannan nisan, zagayensa da juyin ƙasa tafiyarsu ɗaya, don haka ga wanda ke ƙasa kamar an kafe shi ne da ƙusa. Kullum gefe ɗaya na duniya yake kallo, yana ɗaukar hoto bayan kowane 'yan mintoci, dare da rana. Da hotunan suke ganin hadari tun yana ƙarami, da hayaƙin gobarar daji, da inda wutar ta fara, har da tokar da duwatsu masu aman wuta ke watsawa a hanyar jiragen sama.

"Wato turken safiyo ne aka kafa a sama," in ji shi.

"Baba, komai sai ka mayar da shi safiyo."

Amma ya ga ta ji daɗi.

Kafin azahar ta aika saƙonta na kullum. Wannan ba aikin ofis ba ne, nata ne na kanta. Asalinsa wani mai bulo ne da ke kusa da inda take jiran mota. Wata rana ta tarar da shi zaune a kan guga yana kallon bulon da ya buga da safe ya narke a ruwan yamma, ta karɓi lambarsa. Shi ya ba wani mai wanki, mai wanki ya ba masu fenti, masu fenti suka ba kafintoci, da mata masu shanya hatsi da barkono a kan bene. Da suka yi yawa ta haɗa su a zaure guda a cikin waya. Yawancinsu a can ɗaya gefen garin suke, ba su taɓa ganin fuskarta ba. Suka sa mata Anti Hadari. Ba ta yi musu dogon bayani, don wasunsu yaransu ke karanta musu. In ta ga sama a share sai ta rubuta, "Yau a shanya." In ta ga abin da bai kwanta mata ba, "A kwashe kafin la'asar." In abin babba ne, "A sauko daga rufi, a ɗaure komai." Ranar Larabar nan, "Yau a shanya" ta rubuta.

Bayan la'asar ta dawo da kwamfutar ofis a jaka, don makon nata ne na jiran ko-ta-kwana. Ta buɗe ta a teburin cin abinci, ya jawo kujera kusa, kamar yadda ya fara yi tun da ya bar aiki ya rasa abin yi da yammacinsa. Ta ce ya shigar da lambar sirrin da kansa.

"Ni na san ta?"

"Ranar haihuwarka ce. Wayata ma ita ce. Na zaɓe ta ne don na san kai kaɗai ne ba za ka tuna ba."

Taswira ta fito, ƙasa toka-toka, da ɗigon fari can nesa a gabas. Ya nuna farin ya ce ga ruwa nan. Ta ce a'a, wannan hoton ba ruwa yake aunawa ba, sanyi yake aunawa. Gajimaren da ya yi tsawo sosai, kansa yakan yi sanyi, shi ne ke fitowa fari fat. Amma hoto ɗaya ba ya faɗin komai. Sai ka jera su ka sa su tafiya, ka ga farin yana kumbura ne ko yana yagewa. Wanda ke kumbura yana da rai. Wanda ke yagewa ya riga ya zubar da abin da ke cikinsa a wani wuri. Ya tambayi lambobin da ke kusurwar allon, don ya ga ba su yi daidai da agogon hannunsa ba. Ta ce agogon duniya ne, duk masu wannan aikin da shi suke amfani, kada ya dame shi.

Da magariba ta ce kanta yana ɗan sara mata, ta sha magani. Suka ci abinci. Ita da uwarta suka yi gardama a kan ko a ƙara fanka ko a rage. Ta wanke kofinta, ta shiga ɗaki da wuri. Iyakar ranar ke nan.

Washegari da safe tana sunkuye tana ɗaura igiyar takalmi a falo, sai ta zauna a ƙasa, ta ce, "Mama, kaina." Daga nan ba ta sake magana ba. Likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta, mai yiwuwa da raunin aka haife ta, babu wanda zai iya sani. Kafin rana ta take ta rasu. Mahaifinta ya sa hannu a inda aka nuna masa. Ya lura alƙalamin asibitin ba ya rubutu sosai, ya ciro nasa.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Yana zaune, ana zuwa ana tafiya, yana amsawa da kalmomin da ake amsawa da su. Bai yi kuka ba, bai kuma hana kansa ba. Abin dai bai zo ba ne. Ji yake kamar an naɗe shi da bargo mai kauri, maganar mutane tana isowa daga nesa.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, ya shiga kicin neman ruwa, sai ya ji wani abu yana gurnani a kan firij. Wayarta ce, wani ya sa ta a caji ya manta. Ya shigar da ranar haihuwarsa, ta buɗe. Saƙonni ne cike da zauren.

"Anti, yau fa?"

"Anti Hadari ko kin yi tafiya ne?"

"Anti na jiƙa zannuwan otal, in shanya ko in jira?"

Ya tsaya da kofi a hannu yana karantawa. Ya san abin da ya kamata ya rubuta, layi biyu ne kawai. Maimakon haka ya wuce ɗakinta, ya ja labule, ya buɗe kwamfutar. Ga taswirar, ga hotunan suna tafiya. Ya kalle su sau da yawa. Babu farin da ke kumbura ko'ina kusa. Ya ɗauki wayar ya rubuta, "Yau a shanya."

Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce sannu da dawowa. Mai wankin ya ce Allah ya bar mana Anti. Bai ji daɗi ba, bai ji baƙin ciki ba. Amma ranar ya ci abincin da aka ajiye masa har ya cinye.

Daga nan abin ya zame masa aiki. Da hantsi ya yi wanka, ya sa riga mai maɓalli kamar mai zuwa ofis, ya shiga ɗakinta ya rufe ƙofa. Ya koma can baya cikin saƙonninta ya ga yadda take rubutu: ba ta sa gaisuwa, ba ta cewa tabbas, in tana shakka takan ƙara "a sa ido". Ya kwaikwaya. Mutum ne da ya yi shekaru yana karanta taswira, idonsa bai sha wuya ba. Ya koyi bambance farin da ke kumbura da wanda ke yagewa. Sau biyu ya ce a kwashe, ruwa ya zo. Sau ɗaya ya ce a kwashe, bai zo ba, wani mai fenti ya rubuto, "Anti yau kin ci mana rana," aka yi ta dariya a zauren. Tsakanin buɗe kwamfutar da aika saƙon, ba ya tuna komai. Wannan ɗan lokacin kaɗai ne a yini da babu wanda ya rasu a cikinsa.

Abokiyar aikin Tsigi ta kira shi a wayarsa sau ɗaya, da ladabi, ta yi maganar kwamfutar ofis. Ta ce babu gaggawa, sai sun natsu. Ya ce mako mai zuwa. Makon ya zo ya wuce, wani ma ya wuce.

Matarsa ba ta tambaye shi ba sai da ta gani da idonta. Ta shigo da tsintsiya wata rana ta tarar da shi da wayar a hannu, ta karanta allon ta bayan kafaɗarsa. Ta jingina tsintsiyar da bango.

"Baban Tsigi, ka gaya musu?"

"Ba su tambaya ba."

"Wa zai tambayi mai amsa masa magana ko yana da rai?"

"Suna bukatar saƙon. Akwai masu shanya, akwai masu bulo."

"To ka ce kai ne."

Ta dubi gadon da ba a taɓa ba, da takalman da ke jere a gindin bango.

"Ni na wanke mata jiki tana jaririya, ni na ga fitarta daga gidan nan," ta ce. "Ba ni da ƙarfin da zan ji ana ce mata sannu da aiki kullum da azahar. In za ka yi, ka rage ƙarar wayar."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita ba ta share ɗakin ba. Ya rage ƙarar.

Damina ta yi nisa. Sai aka samu wasu kwanaki a jere da ya buɗe kwamfutar ya ga sama a share, babu ko ɗigon fari tun daga gabas har bakin taswirar. A ranar farko ya ce a shanya, haka a ta biyu. Da yammacin ta biyun wani kafinta ya rubuto masa shi kaɗai, ba a zaure ba.

"Anti, gobe ina so in yaye kwanon gidan wata tsohuwa gaba ɗaya, katakon ya ruɓe. In na fara da safe sai magariba zan rufe. Me kika gani?"

Ya ce zai duba da safe. Da safe ya duba, tas. Ya rubuta, "A yaye. Yau babu komai."

Da azahar matarsa ta leƙo ta ce zafin yau ba na lafiya ba ne, gwiwarta ma tun safe take gaya mata. Ya ce gwiwa ba ta da ido a sama. Ya sake dubawa don ya tabbatar. Hotunan suna tafiya, ƙasa toka-toka, babu komai.

Bayan la'asar iska ta buga tagar ɗakin har labulen ya tashi. Ya ji matarsa tana gudu tana kwashe shanya, ya ji murfin tukunya yana birgima a tsakar gida. Sai ruwa ya sauko kamar ana juye shi da bokiti, ƙarar kwano ta cika gidan. Yana zaune a gaban allon. A allon, garin nasu yana nan a inda yake kullum, babu ko ƙyallen gajimare a kansa.

Ya daɗe yana kallo kafin idonsa ya sauka kan lambobin kusurwa. Tun da ta ce masa agogon duniya ne, ya daina karanta su. Yanzu ya karanta. Ba sa'ar kaɗai ce ta saɓa ba, har da kwanan watan. Hotunan shekaranjiya ne. Su yake kallo tun ranar, suna zagayawa suna dawowa. Da tauraron mai yawo ne, da ya ga gaɓar teku ta gusa ko kogi ya koma gefe. Wannan kuwa ba ya motsi, ƙasar jiya da ta yau a hotonsa ɗaya ce, gajimare kaɗai ke bambanta su. Ranar da babu gajimare, babu abin da zai gaya maka wace rana kake kallo sai waɗannan ƙananan lambobin.

Wayar ta fara gurnani a kan tebur. Wannan karon kira ne. Bai taɓa ɗaukar kira a wayar ba. Ya ɗauka.

"Anti," in ji wata murya, ga ƙarar ruwa a bayanta. "Anti, me na yi miki?"

"Ba ita ba ce. Mahaifinta ne."

"Baba, ka ba ni ita don Allah. Gidan mutane ne a buɗe, ruwa har gwiwa a ɗaki."

"Akwai wanda ya ji ciwo?"

"Silin ya faɗo, amma mun riga mun fitar da tsohuwar. Ka ba ni Anti."

"Ka kwatanta mini gidan. Gobe da safe zan zo."

Ya je da safe. Ƙaramin gida ne mai ɗaki biyu a ƙarshen wani lungu, sabon katako a sama, rabi an rufe da kwano, rabi da leda da ta yage. An fito da komai waje. Katifa a jingine da bango tana ɗiga, akwati a buɗe, tufafi sun rine juna, buhun hatsi ya kumbura ya fashe a ɗinki, hotunan bango an jera su a kan benci fuskokinsu sun dame. Kafintan ba yaro ba ne, yana da furfura a gemu, da fensir a bayan kunne. Ya dubi bayan baƙon, ko akwai wata tafe.

"Ita ba ta zo ba?"

"Ta rasu."

Kafintan ya ajiye gudumar da ke hannunsa a kan benci.

"Jiya?"

"Tun farkon damina."

"To wa yake..." Bai ƙarasa ba.

"Ni ne. Duk saƙon da kuka samu tun lokacin, ni na rubuta. Na jiya ma ni ne. Tsohon hoto na karanta ban sani ba."

Ya faɗe shi yadda yake karanta rahoton fili a gaban masu gardama, babu rawar murya. Kafintan ya cire fensirin daga kunnensa, ya duba shi, ya mayar.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Allah ya ba ku haƙuri." Ya dubi katifar da ke ɗiga. "Ni ban taɓa ganinta ba, Baba. Na ɗauka ma babbar mace ce, mai jikoki."

"Ba ta kai talatin ba."

"Kuma muna ta yi mata tsiya a zaure." Ya shafa gemunsa. "Baba, ba zan ɓoye maka ba, jiya na zage ta. A gaban mutane na zage ta. Da ka faɗa mana, da mun zo mun yi maka gaisuwa kamar mutane. Kuma da na ɗaga kai na dubi gabas kafin in cire ƙusa ta farko. Tun da na shiga zauren nan na daina dubawa. In Anti ta ce a hau, hawa nake."

Mahaifin Tsigi ya gyaɗa kai. Babu abin da ke cikin maganar da zai gyara.

Tsohuwar tana zaune a barandar maƙwabta, an lulluɓe ta da bargon aro, tana tari. Ta ji duk abin da aka ce. Ta yafito shi da hannu.

"Bawan Allah, kai ne mai ruwan?"

"Ni ne, Inna."

"'Yarka ce ta rasu?"

"Ita ce."

"Ni uku na binne." Ta gyara bargon. "To tsayuwar me kake yi? Kama masa katifar nan ku kai ta rana. Ko yau ma akwai ruwan?"

"Ban sani ba, Inna."

"Yauwa. Haka ake cewa."

Ya kama gefe ɗaya, kafintan ya kama ɗaya. Katifar ta yi nauyi fiye da yadda ya zata, ruwanta ya jiƙa masa gaban riga har cikin wando. Suka ɗora ta a kan katanga. Suka koma suka ɗauko akwatin. Bai bar gidan ba sai da aka buga kwano na ƙarshe.

Washegari ya sa kwamfutar a jakarta ya hau mota zuwa ma'aikatar. Abokiyar aikin Tsigi ta sauko ta tarbe shi, ta kai shi ɗakin nan mai sanyi. An riga an ba wani teburin 'yarsa, mutumin ya miƙe tsaye da ya ji ko wane ne. Ya gaya mata komai a tsaye, bai rage ba. Ta ce ofishin kula da ma'aikata ne suka rufe hanyar shigar Tsigi da takardun rasuwarta suka kammala, haka ake yi wa kowa. In an rufe, kwamfutar ba ta faɗa, sai ta ci gaba da nuna hotunan ƙarshe da ta karɓa.

"Ba mu san ana buɗe ta ba, Baba."

"Ba ku da hanyar sani."

Ya roƙe ta ta nuna masa hotunan ranar ruwan. Ta jera su ta sa su tafiya. Da hantsi babu komai. Kafin azahar wani ɗan ɗigo ya ɓullo a gabas, ya kumbura, ya yi fari fat, ya haɗiye na kusa da shi, ya taho. Ta nuna masa wasu ƙananan alamu da ke ƙyaftawa a cikinsa, ta ce walƙiya ce. Ko shi da bai yi karatun abin ba, da ya ga wannan da ya ce a sauko daga rufi. Ya kalla har farin ya rufe garin, ya ce ta tsayar.

"Kin san zauren nata?"

"Duk ofis an sani. Har tsokanarta muke, muna cewa ta buɗe ma'aikata a cikin ma'aikata."

"Za ki iya riƙe shi?"

"Zan iya. Amma da lambata, Baba, da sunana. Ba zan zama ita ba."

"Haka nake so."

Ya fita baranda da wayar. Ya fara rubutawa, ya goge. Ya tuna wasunsu yara ke karanta musu, bai so yaro ne zai karanta wannan ba. Ya danna wurin ɗaukar murya.

"Jama'a, wannan mahaifin wadda kuke kira Anti Hadari ne. Allah ya yi mata rasuwa tun farkon damina. Saƙonnin da kuka samu bayan nan ni na rubuta, ban gaya muku ba. Na shekaranjiya kuskurena ne, ba nata ba. Daga yau abokiyar aikinta za ta riƙa aiko muku. Ku yafe mini, ku yi mata addu'a."

Ya aika. Ya tsaya har abokiyar aikin ta shiga zauren da lambarta, sannan ya fitar da lambar 'yarsa. Wayar ta fara gurnani a hannunsa, kira a kan kira. Ya kashe ta.

A ƙarshen makon suka buɗe ɗakin shi da matarsa, suka ɗage labule. Ita ta zauna a bakin gado tana ninkewa, shi yana kaiwa falo. Tufafin suka tafi gidan ƙanwar matarsa, mai 'yan mata uku. Littattafan jami'a aka sa a kwali aka kai ma'aikatar, a ba masu koyon aiki. Gado da katifa aka ɗora a mota aka kai wa tsohuwar, don tata ba ta bushe ba, ta fara wari. Takalman sai da aka zagaya dangi kafin a samu mai ƙafa irin tata. Wayar, matarsa ta ce a kwafe mata hotunan da ke ciki tukuna. Aka kwafe, aka goge sauran, ya cire layin da kansa, aka ba ɗiyar maƙwabta da ke shirin shiga jami'a.

Tabaraunta na karatu ne aka rasa wanda za a ba. Duk wanda ya gwada sai ya ce jiri yake gani. Matarsa ta goge shi da gefen zaninta, ta mayar cikin gidansa, ta sa a aljihun teburin falo, inda ake ajiye batura da makullan da aka manta ƙofarsu.